Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Maraɗi Kan Filayen Wasanni Na Birninmu

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Maraɗi, da shugabannin da ke riƙe da ragamar birnin Maraɗi da da'irorinsa uku, da daraktan matasa da wasanni na jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah Ya dafa muku a kan nauyin jama'a da kuka ɗauka, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a fili, inda kowa zai karanta, domin maganar da ke cikinta ba ta mutum ɗaya ba ce. Ni mai horar da yara ƙwallon ƙafa ne a ɗaya daga cikin unguwannin gefen gari, na kuma haura shekara 20 ina wannan hidima ba tare da albashi ba. Ina magana ne da yawun ƴan uwana masu horar da ƙungiyoyin unguwanni, da malaman motsa jiki na makarantu, da tsofaffin ƴan kokowa masu koya wa na baya, da kuma iyayen da ke damƙa mana ƴaƴansu kullum bayan sallar la'asar suna tambayarmu inda za a yi atisaye. Wannan tambaya tasu ce ta fara gagararmu amsawa, shi ya sa muka kawo ta gabanku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wata safiya bayan ɗaukewar ruwan damina na je filin da muka shekara 11 muna atisaye a kansa, sai na tarar an kafa turakun siminti jere da juna an shafa musu jan fenti, ɗaya daga cikinsu ma a daidai inda mai tsaron gida yake tsayawa. Filin nan da hannunmu muka share shi. Mu muka tumɓuke tumfafiya muka kwashe ƙarangiya, mu muka yi karo-karon dala ashirin-ashirin har muka sayi bututun ƙarfe mai walda ya haɗa mana sandunan raga. Kafin wata biyu mota ta sauke yashi da tsakuwa, magina suka haƙa tushe, yara sama da 60 suka watse. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin ba ƙara na kawo ba, kuma mutumin da ya sayi fegi da guminsa ya riƙe takardarsa ba shi da laifi a wurina. Abin da ya ci mu shi ne ba mu da takarda ko ɗaya da ta ce wannan wuri na yara ne. Da na zagaya na tambayi abokan aikina a sauran unguwanni, sai na ga mafi yawan filayen da suke amfani da su haka suke zaune, ba su da wata kariya sai alfarma da kunyar idon jama'a.

Kafin in shiga koke-kokenmu, adalci ne in faɗi abin da Maraɗi ta samu, don kada a ɗauka mun manta alheri. Bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamba 2015, wanda aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya, ya canza fuskar birnin nan ta hanyar da kowa ya gani da idonsa. A watan Fabrairun 2019, lokacin da Nijar ta karɓi gasar cin kofin Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, birane biyu ne kawai aka ga sun cancanci karɓar wasanni, wato Yamai da Maraɗi. A filinmu na jiha ƙungiyoyin Senegal da Mali da Burkina Faso da Ghana suka kara, kuma biyu daga cikinsu, Mali da Senegal, su ne suka kai wasan ƙarshe, Mali ta ɗauki kofin a bugun fanareti. Na kai yarana kallon waɗannan wasanni, na ga yadda suka kwana suna kwaikwayon abin da suka gani. Muna da filin kokowa mai ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, ɗan jihar nan wanda ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, kuma bayansa jihar ta fitar da wasu sarakunan fage irin su Umaru Bindigau. A ƙwallon ƙafa kuwa, Jangorzo ta Maraɗi ta zama zakarar ƙasa a 1983, Ɗan Kasawa ita ma ta riƙe sunan garin a babban rukuni. Duk wannan abin alfahari ne, ba kuma mai ja da shi.

Sai dai, ranku ya daɗe, babu ɗan wasan da aka haifa a babban fili. Kokowa a dandalin ƙauye aka san ta, bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu matasa suka sami sarari. Ƙwallo kuwa a kangon unguwa yaro ke koyon ta, ba takalmi, da tsumma ko leda da aka ɗaure da zare, tun kafin ya taɓa ƙwallon kanti. Babban fili wuri ne na nuna abin da aka shuka a waɗannan ƙananan wurare. Idan ƙananan suka ƙare, babban zai ci gaba da tsayuwa da katangarsa da kujerunsa, amma baƙi ne za su riƙa cika shi da wasa, ƴan gari kuma su zama ƴan kallo. Wannan ita ce maganar da na zo da ita, sauran duk rassanta ne.

Kokenmu na farko, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne na ƙasa. Ƙidayar 2012 ta nuna birnin Maraɗi na da mutum 267,249, jihar kuma ta haura miliyan 3, kuma duk wanda ya san garin a wancan lokaci ya san yau ya zarce haka nesa. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, ke nan a kowane gida biyu na Maraɗi akwai yaran da za su haɗa ƙungiya guda. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka da Limanci da Maradawa da Ɗan Gulbi sun cika sun batse tun da daɗewa, babu inda za a sami sabon fili a cikinsu sai an rushe gidan wani. Fatanmu yana kan unguwannin da gari ya miƙe zuwa gare su daga baya, irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo da waɗanda ake yankawa a bayansu, domin a can ne har yanzu ake iya keɓe wuri kafin bulo ya hau. To a can ɗin ne kuma muke ganin wuraren da aka bari a taswira don amfanin jama'a suna raguwa kaɗan-kaɗan, yau a gutsiri kusurwa, baɗi a yanki gefe, har a wayi gari babu abin da ya rage sai lungu.

Bari in kawo lissafin a fili don a ga abin da muke roƙo bai taka kara ya karya ba. Filin ƙwallo cikakke, irin wanda ake buga wasan ƙasa da ƙasa a kansa, tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68, wato murabba'in mita 7,140, bai ma cika hekta ɗaya ba. Idan aka ɗauki fegi mai murabba'in mita 400, filin gaba ɗaya bai wuce fegi 18 ba. Filin yara ƙanana rabin haka ya ishe shi. A unguwar da aka yanka fegi dubu, a ce an kasa barin 18 ga ƴaƴan mutanen da za su zauna a sauran, wannan abu ne da ya kamata ya dame mu duka. Kuɗin fegi 18 sau ɗaya ake karɓarsa a kashe, filin kuwa jikokinmu za su gaje shi. Kuma lokaci ba ya jiranmu: layin dogon da ake shimfiɗowa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi zai ƙara wa ƙasar garin nan daraja, kuma abin da hukuma za ta iya keɓewa yau da sa hannu kawai, nan gaba sai ta saye shi da miliyoyin sefa, in ma an yarda a sayar mata. Kakanninmu sun taɓa tsara garin nan daga tushe, bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa aka bar kwari aka hau tudu, aka yanka tituna masu faɗi da muke cin moriyarsu har yau. Irin wannan hangen nesa muke nema a yi wa filayen wasa.

Abin da ke biyo bayan rasa fili ba a ɓoye yake ba. Daga cikin yaran nan 60 da na ambata, waɗanda suka fi ƙwazo suna tafiya a ƙafa kusan rabin awa zuwa wani fili da ƙungiyoyi huɗu ke rabawa, inda sau da yawa rabon namu bai wuce minti 40 ba kafin kiran magariba. Ƙananan, waɗanda iyayensu ba za su bar su su yi nisa ba, sun koma buga ƙwallo a kan titi, suna ajiye takalma biyu a matsayin raga, suna tsayar da wasa duk lokacin da ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita ya danno. Duk uban da ya taɓa ganin yaro ya bi ƙwallo a guje ba tare da ya dubi hanya ba ya san abin da zuciyarsa ke yi a wannan lokaci. Manyan kuwa, masu shekara 16 zuwa 20, da dama sun daina zuwa ko'ina. Ina wucewa in gan su a fada, wato majalisar hirar matasa, tun hantsi har dare. Ban ce zaman fada laifi ne ba, ni ma na zauna, kuma akwai fadodin da ke share unguwa suna taimakon marasa lafiya. Amma saurayin da jininsa ke tafasa, ba aiki, ba wurin da zai zubar da gumi, ba babban da zai tambaye shi dalilin da ya sa bai zo atisaye jiya ba, shi ne wanda masu sayar da tramol da sauran ƙwayoyi suke fara samu. Na rasa yara biyu ta wannan hanya, ɗayansu ɗan wasan tsakiya ne da ban taɓa horar da mai basirarsa ba, kuma har yau in na haɗu da mahaifiyarsa sai in rasa abin da zan ce mata.

Koke na biyu shi ne halin da filayen da suka rage suke ciki. Filin da ba shi da katanga ba shi da mai gadi, da dare bola ne, da asuba makewayi ne, da rana hanyar babura da amalanke ce. Kafin mu fara atisaye sai mun jera yara sun bi filin daga wannan raga zuwa waccan suna tsince leda da gwangwani da fasassun kwalabe. Duk da haka, a bara wani yaro ɗan shekara 12 ya taka gindin kwalba da yashi ya rufe, ta tsaga masa tafin ƙafa. Da rigata na ɗaure ƙafar, na riƙe shi a bayan kabu-kabu zuwa asibiti, aka yi masa ɗinki da allurar rigakafi, mahaifinsa mai sayar da itace ya biya abin da ya fi ƙarfin cinikinsa na mako guda, daga nan kuma ya hana shi dawowa. Ban ga laifinsa ba. Da damina kuwa, filin da ba a yi masa magudana ba tabki yake zama, ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa, inda bai kwanta ba kuma ya zaizaye ƙasa ya bar ramukan da ke karya idon sawu. Kuma damina ita ce lokacin babban hutu, lokacin da yara suka fi kowane lokaci buƙatar wurin wasa, lokacin da ake shirya gasannin unguwanni.

Akwai kuma maganar ruwa da haske, wadda wanda bai tsaya a fili a watan Afrilu ba zai iya ɗauka ƙarama ce. A bazara zafin Maraɗi yana haura maki 40, don haka ba mai hankalin da zai sa yaro gudu tsakanin hantsi da la'asar. Abin da ya rage mana a yini shi ne ɗan lokacin da ke tsakanin la'asar sakaliya da magariba, kuma cikinsa ne ɗalibai da almajirai da masu koyon sana'a da magidanta duk suke son shiga fili ɗaya. Yaron kanikanci ko tela ko ɗan kasuwa ba ya tashi daga aiki sai rana ta faɗi, ke nan shi an cire shi daga wasa gaba ɗaya. Fitilu huɗu ko shida masu aiki da hasken rana, irin waɗanda muke gani a kan titunan gari, za su ninka amfanin kowane fili ba tare da an ƙara taku ɗaya na ƙasa ba, kuma ba ruwansu da ɗaukewar wuta. Famfo ɗaya da makewayi biyu a gefen fili za su sa yara su sha ruwa, su yi alwala su yi sallar magariba cikin jam'i kafin su koma gida, maimakon mu riƙa ɗauko jarkoki a kan kai daga gidajen maƙwabta.

Na uku ya shafi manyan wuraren namu biyu, filin ƙwallo na jiha da filin kokowa na Kantu. Darasi yana nan kusa da mu. Filin Janar Seyni Kunce na Yamai, wanda aka buɗe a 1989, ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005, ya karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a 2015 da ta ƴan ƙasa da 20 a 2019, amma duk da wannan tarihi sai da aka kai lokacin da hukumar ƙwallon Afirka ta ƙi amincewa da shi, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu ta Mena ta koma karɓar baƙinta a Kwatano da Maroko, ƴan ƙasa suna kallon wasan gida a talabijin. Gini ba ya lalacewa rana ɗaya, famfo ne ke ɗiga a ƙyale shi, ƙofa ta ɓalle a ɗaure ta da waya, fitila ta mutu a ce sai an sami kuɗi. Al'adar da muka saba da ita ta jiran babban biki kafin a yi fenti da gyara ita ce ta fi tsada, domin abin da jika ɗari za ta gyara bana, bayan shekara biyar miliyan ba za ta ishe shi ba. Muna so filin da ya karɓi Afirka a 2019 ya kasance a shirye ya sake karɓarta kowace shekara, ba sai an yi masa aikin gaggawa ba.

Haka nan muna roƙon a duba yadda ake shiga waɗannan wurare. Mun san birni na buƙatar wurin manyan taruka, na siyasa da na wa'azi da na bukukuwa, kuma ba mu ce a hana ba. Amma turakun rumfa da ƙafafun kujeru da tayoyin mota ba abokan filin ƙwallo ba ne, ya kamata a ce duk mai taro ya san inda zai kafa da inda ba zai taka ba, ya kuma ajiye kuɗin gyara kafin a ba shi mabuɗi. Ƙungiyoyin unguwanni su ma suna da haƙƙi a kan filin. Yaron da ya buga wasan ƙarshe na gasar unguwarsu a babban fili, iyayensa na zaune a kan benen ƴan kallo, ba ya manta wannan rana har tsufansa. Abin da ke hana hakan sau da yawa shi ne rashin sanin ƙa'ida: nawa ake biya, wa ake nema, wace rana ce babu kowa. Jadawali da farashi da aka manna a bakin ƙofa za su kashe wannan matsala, su kuma rufe bakin masu zargi.

Ba zan bar wannan batu ba sai na taɓo tsaron rayukan ƴan kallo. A Accra, ranar 9 ga Mayun 2001, mutum fiye da 120 suka rasu a turmutsitsin filin ƙwallo. A Yawunde, a Janairun 2022, mutum 8 suka rasu a ƙofar filin Olembe lokacin gasar cin kofin Afirka, a sabon fili da aka kashe masa maƙudan kuɗi. Duk wanda ya taɓa ganin cikar filin kokowa a ranar da ɗan gida ke karawar ƙarshe ya san ƴan Maraɗi ba sa zama a gida a irin wannan rana. A ƙidaya ƙofofin fita, a tabbatar suna buɗuwa ta waje kuma ba a garƙame su da kwaɗo lokacin wasa, kada a sayar da tikiti fiye da wurin zama, a kuma ajiye motar ɗaukar marasa lafiya a inda za ta iya fita.

Filin Kantu kuwa yana da wata buƙata ta daban. Gasar takobi tana zagaya jihohi takwas ne, kowace jiha ta kawo ƴan kokowa 10, ke nan sai bayan shekaru masu yawa take dawowa gare mu. Tsakanin zuwa da zuwa, bai kamata fage irin wannan ya zauna shiru ba. Muna da Tasawa da Madarunfa da Mayahi da Dakwaro da Gidan Rumji da Gazawa, kowace da ƴan kokowarta da makaɗanta da masu kirarinta. Gasa tsakanin gundumomi sau biyu ko uku a shekara, da ta makarantu, da ranakun langa da dambe da dara, za su raya wurin, su samar da kuɗin shiga da za a riƙa gyara shi da su, su kuma ba masu zaɓen tawagar jiha damar ganin gwanaye tun da wuri. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi har sau shida, kuma duk mai son Maraɗi yana son ya ga ranar da ɗan jihar nan zai yi irin wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda zai ɗaga takobi a gaban ƴan garinsu idan layi ya zagayo kanmu, yau ne ya kamata a ce yana cikin fage yana shan kaye yana tashi.

Na huɗu gajere ne amma ba ƙarami ba. Kusan duk abin da na lissafa a sama na yara maza ne masu ƙwallon ƙafa. Ƴan mata da ke son ƙwallon hannu ko ta kwando ko ta raga ba za su yi wasa a kangon da kowa ke ratsawa ba, iyayensu ma ba za su yarda ba, kuma suna da gaskiya. Suna buƙatar wuri mai katanga, da malamai mata, da sa'o'in da aka keɓe musu. Iyayenmu masu ciwon suga da hawan jini, waɗanda likita ya ce su riƙa tafiya kullum, suna buƙatar inda za su zagaya da asuba ba tare da tsoron babur ba. Masu buƙata ta musamman suna buƙatar ƙofar da kekensu zai shiga. Sannan a tuna cewa lambobin yabo biyu da Nijar ta taɓa samu a gasar Olamfik, na Isaka Dabore a damben zamani a 1972 da na Abdurrazaƙ Alfaga a taikwando a 2016, duk sun fito ne daga wasannin da ba sa buƙatar komai sai ɗaki mai rufi da shimfiɗa da malami. Zaure ɗaya irin wannan a kowace da'ira ba zai gagari birnin da ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa ba.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo kai tsaye. Muna roƙon a kafa ƙaramin kwamiti da zai zagaya da'irori uku ya ƙidaya duk filin da yara ke wasa a kansa yanzu, ya rubuta girmansa da matsayin takardarsa, a kuma karanta sakamakon a gidajen rediyon gari don kowa ya ji. Muna roƙon a dakatar da yanka ko sayar da kowane ɗaya daga cikinsu har sai an kammala wannan ƙidaya. Waɗanda aka tabbatar na hukuma ne, a yi musu takardar mallaka da sunan birni, a rubuta a cikinta cewa na wasanni ne, a kafa allo a bakin kowanne, a ba mai unguwa kwafi ya ajiye. Inda fili ya riga ya shiga hannun mai shi ta hanyar halal, kamar namu, a nema wa yaran unguwar madadinsa a kusa. Kuma daga yau, kada a sa hannu a kan taswirar sabuwar unguwa sai an ga filin wasa a cikinta kamar yadda ake neman wurin makaranta da masallaci da kasuwa.

Muna kuma roƙon a ware wani kaso sananne a kasafin kuɗin birni na kowace shekara don kula da filaye, ko da kaɗan ne, a fara da fili ɗaya a kowace da'ira a yi masa katanga da famfo da makewayi da fitilu, baɗi a ƙara wani. A buɗe filayen makarantun gwamnati ga ƙungiyoyin unguwa bayan an tashi da lokacin hutu, bisa yarjejeniya a rubuce da shugabannin makarantun. Muna fatan za ku nemi goyon bayan masu martaba Sarkin Katsinar Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri, domin maganar ƙasa a garin nan ba ta zama sai da bakin iyayen ƙasa. Ku kuma kira attajiranmu, waɗanda Allah Ya sa suka gina masallatai da makarantu da rijiyoyi ba adadi, ku nuna musu cewa katange filin yara da saka masa ruwa shi ma aikin lada ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ba mu zo da roƙo kawai ba. Mu masu horarwa mun yarda mu kafa kwamitin kula da kowane fili da aka damƙa mana, tare da mai unguwa da limami da wakiliyar mata, mu ɗauki nauyin shara da tsara lokutan ƙungiyoyi da kai rahoton duk abin da ya lalace, mu kuma ba da lissafin duk dalar da ta shigo. Mun riga mun fara rubuta sunayen filayen da muka sani da adadin yaran da ke amfani da kowanne, kuma a shirye muke mu miƙa wannan takarda ga duk wanda kuka wakilta. Muna gayyatarku, ko wakilanku, ku zo kowace rana bayan la'asar ba tare da sanarwa ba, mu zagaya da ku fili uku ko huɗu ku ga abin da muka faɗa da idonku. Muna fatan jin amsarku kafin damina mai zuwa, domin da ita babban hutu ke shigowa.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Mai horar da yara ƙwallon ƙafa a birnin Maraɗi, a madadin abokan aikinsa da iyayen yara.